Kada Ka Sayi Shadda Da Daddare: Maganar Jita, Na'ura Da Sifika

Kwana biyu kun ji ni shiru, a yi haƙuri, shago ne ya riƙe ni. Kun san yadda Agege take idan lokacin bukukuwa ya matso, teloli ba sa barin mutum ya numfasa. Yau dai ba zancen kuɗin haya ko cunkoson Oshodi zan yi ba, zancen jita zan yi. Na san tun daga nan wasu za su ce to, ɗan Alhaji ya fara. Ba komai. Wanda ba ruwansa da kiɗa ma ya daure ya karanta, don maganar ciniki ce, ta yadda mutum yake zuba kuɗinsa a inda ba nan ciwon yake ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, makon jiya wani yaro ɗan layinmu da yake koyon jita ya same ni a shago, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini hoton wata na'ura. Wai ita yake so ya saya, har ya fara tunanin sayar da keken ɗinkinsa ya cika kuɗin. Na ce ina wadda kake da ita? Ya ce, "Yaya, wannan ai ba ta da amfani, in na kaɗa sai ka ji kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani." Na ce a wace sifika kake jona ta? Ya ce irin mai caji ɗin nan mai taya, wadda ake jin waƙa da ita. Wallahi sai da na yi dariya, ba don shi ba, don kaina, saboda ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, sai dai ni ta ɗaya bakin na shiga.

Bari na ɗan yi wa wanda bai sani ba bayani. Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da murya, sai an jona ta da amfilifaya. Kuma amfilifayar jita ba ƙara sauti kawai take yi ba, canza shi take yi, kowacce da halinta. Fender tana da tata muryar mai tsabta, Marshall tana da nata gurnanin. Tsofaffin ciki da wasu kwalabe na gilashi suke aiki, masu ɗaukar zafi, ga tsada ga nauyi. Fender Twin Reverb ita kaɗai ta kusa kilo 30. Ka yi tunanin shiga danfo da ita daga Agege zuwa Ikorodu, kwandasta sai ya caje ka kuɗin mutum biyu, kuma da gaskiyarsa. To sai masu fasaha suka ƙera na'urar da take kwaikwayon waɗannan amfilifayoyi da lissafi irin na kwamfuta, ni dai makwaikwayiya nake ce mata. A 1998 kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da wata ja mai siffar ƙwayar wake, sunanta POD, ita ce ta fara shiga hannun talakan makaɗi. A 2006 aka yi Axe-Fx. A 2011 wani Bajamushe, Christoph Kemper, ya fito da wadda take sauraron amfilifayar gaske ta kwafe halinta. Helix ta zo a 2015, Quad Cortex ta ƙasar Finland ta shiga kasuwa a 2021. Mu kuwa a nan, yawanci ƙananan Zoom da Boss ne suke iso mana, su ma na hannu, waɗanda 'yan Legas ke kira tokumbo.

Ra'ayina a kan wannan harka, wanda na biya kuɗin makaranta kafin na same shi, shi ne: makwaikwayiya rabin kaya ce. Ɗaya rabin sifika ce. Kuma cikin mutum goma da suke kuka da na'urarsu, in ka bincika, mafi yawansu ba na'urar ce ta yi musu laifi ba.

Ga yadda na koyi nawa darasin. A 2023 na samu shiga wata ƙungiyar makaɗa, Yarabawa da Inyamurai, masu kiɗan juju da hailaif a gidajen biki. Ni kaɗai ne Bahaushe, "Malam" suke ce mini. Jita ta biyu aka ba ni. Na tara kuɗin wata huɗu na abin da Baba yake ba ni a shago, na sayi 'yar makwaikwayiya ta hannu. A gida ina da wata tsohuwar ƙaramar amfilifayar jita, a ita nake jonawa. Gidanmu kuwa irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, in ka yi tari maƙwabci zai ce sannu, don haka da daddare nake zama, sauti can ƙasa-ƙasa, ina murɗe-murɗe. Sautin yana fita kamar an lulluɓe sifikar da bargo. Sai na yi ta ƙara siririn sauti har ya kusa ƙurewa. Na ji ba nauyi, na ƙara na ƙasa. Na rage na tsakiya don yana mini kamar mai mura. Na zuba amsa-kuwwa kamar ana kiɗa a cikin rijiya. Mako uku ina wannan, har na ji a raina cewa duk Legas ba mai sauti irin nawa.

Ranar biki, a watan Disamba, a wani babban ɗakin taro, injiniyan sauti ya karɓi wayata ya jona kai tsaye a miksa. Na kaɗa tsirkiya ɗaya, wata mata da ke kusa da sifika ta toshe kunne. Saman sautin kamar ana yanka langa-langa, ƙasansa kuma yana rugugi yana danne mai jitar bes. Da masu kalangu suka shigo, sai na ɓace gaba ɗaya, sai tsuwwar kawai ake ji. Oga ya waiwayo ya kalle ni sau ɗaya, bai ce komai ba, ya yi wa injiniya alama da hannu. Aka sauke ni ƙasa. Awa biyu ina tsaye ina kaɗa jitar da ba mai jin ta sai ni. Da aka tashi, kuɗin mota kawai aka ba ni, Oga ya ce, "Malam, ka je ka gyara kayanka, ko ka canza su." A motar dawowa na gama yanke shawarar sayar da na'urar.

Baba ne ya hana, ba tare da ya san ya hana ba. Shi dai bai taɓa son wannan harka ba, a wurinsa kiɗa sana'ar maroƙa ce, ya dai ƙyale ni ne tunda ba na wasa da salla kuma ba na wasa da shago. Washegari wani mutum ya dawo da shadda yana faɗa, wai shuɗiya ya saya, ya je gida ya ga ta koma toka-toka. Baba ya karɓa ya canza masa, bayan ya tafi ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka sayar masa ko? Da magariba, a ƙarƙashin ƙwan nan? Sau nawa zan gaya maka, ka fita da mutum waje ya ga yadi a hasken da zai sa shi." Ina naɗe shaddar nan ina tunanin jitata. A ƙarƙashin wane ƙwai na zaɓi nawa launin?

Daga nan na shiga bincike, na kuma dami injiniyan nan da tambaya har ya gaji da ni. Abin da na gano ga shi. Sifikar da ake sa wa amfilifayar jita, in ka auna ta da ma'aunin sifikar jin waƙa, gurguwa ce, kuma da gangan aka bar ta haka. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen Hz 20 zuwa 20,000. Ita kuwa shahararriyar sifikar jita ta kamfanin Celestion na Ingila, Vintage 30, wadda aka fara yi a 1986, iyakarta daga 70 zuwa 5,000. (Abin dariya, sunanta 30 amma wat 60 take ɗauka.) Duk abin da ya haura haka tana zubar da shi. Kuma wannan zubarwar ita ce rufin asirin jita, don idan amfilifaya ta fara gurnani, akwai wata ƙazamar tsuwwa da take haifarwa a can sama, sifikar ce take tace ta kamar rariya.

Masu ƙera makwaikwayiya sun san haka, shi ya sa suka sa mata kwaikwayo hawa biyu: na amfilifaya, da na akwatin sifika. Wannan na biyun za ka ga an rubuta Cab ko IR a jikin allon. To a nan mutane suke faɗawa rami. In za ka jona da sifika mai fitar da komai, wato irin ta ɗakin taro, ko ta situdiyo, ko abin sawa a kunne, dole kwaikwayon akwatin ya kasance a kunne, in ba haka ba ka ji ƙudan zuman yaron nan. In kuma da sifikar jita ta gaske za ka jona, dole ka kashe shi, in ba haka ba ka tace sauti sau biyu, ka ji bargon da na ji. Ni rariya biyu na ɗora, na yi ta ƙara yaji don in ji ɗanɗano, ranar biki aka cire rariya ɗaya, yajin ya fito duka. Shi kuma yaron ba rariya ko ɗaya. Maɓalli ɗaya ne tsakaninsa da sayar da keken ɗinki.

Akwai kuma laifin kunne. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunne ba ya jin sauti daidai wa daida. Idan ƙara ta yi ƙasa, ba ya jin na ƙasa sosai, haka na can sama, sai na tsakiya. Idan aka ɗaga ƙara, sai su taso. Ma'ana, duk wanda ya gyara sautinsa da tsakar dare yana tsoron maƙwabta, zai cika masa gindi da kai, ya rage ciki. Jita kuwa a tsakiya take rayuwa. Tsirkiyarta mafi kauri tana kan Hz 82 ne, abin da ke ƙasa da haka gonar mai bes ce da babbar ganga. In ka rage tsakiya ka ba da gonarka, ka shiga ta wasu.

Yanzu wace sifika mutum zai saya? A nan ne ake musu, kuma ina da ɓangare. Wasu abokaina sun rantse cewa sai akwatin jita na gaske, su kashe kwaikwayon akwati, su nemo abin ƙara ƙarfi su haɗa. Hujjarsu ita ce sifika mai fitar da komai, wadda ake taƙaita sunanta da FRFR, ba ta da rai, ba ka jin iska tana dukan ƙafarka. Ban ƙaryata su ba. Dalilin ma a fili yake: kwaikwayon akwatin da ke cikin na'ura ba sautin akwati a ɗaki ba ne, sautin da makirufo ya ji ne lokacin da aka manna shi a bakin sifikar, galibi irin Shure SM57 ɗin nan. Wato abin da kake ji a faifai kake samu, ba abin da mai kiɗa yake ji a tsaye gaban kayansa ba. Wanda ya saba da na biyun dole ya ji wani iri.

Amma ina tambaya, wa kake yi wa kiɗan? Mutanen da ke cin shinkafa a teburi na ashirin ba su san iska tana dukan ƙafarka ba. Abin da ya fita daga manyan sifikun ɗakin shi suke ji. In kana jin wani abu daban, su suna jin wani daban, to kana tuƙi ne da madubin motar wani. Shi ya sa ni na zaɓi sifika guda mai amfilifayarta a ciki, inci 10, mai fitar da komai ba ƙari ba ragi, don ta fi kusa da abin da jama'a za su ji. Inci 12 ta fi cika, amma ka tuna kai za ka ɗauka. Ga kuma wata riba: in Oga ya ce yau hailaif, in kira muryar Fender ko Roland JC-120 mai tsabta kamar ruwan randa, in na keɓe ina koyon salon 'yan Agadas irin su Bombino, ko gurnanin Mdou Moctar, in canza akwatin da maɓalli. Akwatin gaske kuwa launi ɗaya gare shi, duk abin da ka zuba masa da shi zai rina.

Sai dai a yi hattara, ba kowace sifika mai faɗi ce mai gaskiya ba. Irin masu cajin nan da na masu kiɗan DJ masu araha, an gina su ne don su burge a minti ɗaya: ƙasa yana dukan ƙirji, sama yana walƙiya, tsakiya babu. In ka je Alaba ko duk inda ake sayar da su, mai shago zai sa maka waƙa mai ganga ya murɗe har ƙarshe. Ba laifinsa ba ne, ni ma in ina sayar da shadda gefen da ya fi sheƙi nake fara buɗewa. Kai ne za ka je da shirinka. Ka tafi da jitarka da na'urarka. Ka ce a mayar da duk maɓallan gyaran sauti tsakiya. Kafin jita ma, ka sa muryar da ka sani kamar yunwar cikinka. Ni Shata nake sawa, don tun ina goye nake jin sa a rediyon Baba. In muryarsa ta fito da kumburi, ko kalangun ya koma kamar ana buga kwano, na san sifikar maƙaryaciya ce. Kuma kada lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ta ruɗe ka, musamman in ka ga PMPO a gefenta, wannan lambar talla ce. RMS za ka nema. Ko shi ɗin ma, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. Kada kuma ka yarda da bulutut wajen kaɗa jita, akwai jinkiri tsakanin yatsa da sauti, waya za ka sa.

Wajen gyaran sautin kansa, abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. Ranar Lahadi da rana, lokacin da maƙwabta suka tafi coci, nake fitar da kaya tsakar gida in ɗaga ƙara daidai yadda zan yi a wurin biki. Ba na ajiye sifikar a lungu ko a jikin bango, don lungu yana ƙara mata nauyin ƙarya. A kan benci nake ɗora ta tana kallon kunnena. Ina fara zaɓen akwati kafin in taɓa komai na amfilifaya, saboda canza akwati ko matsar da makirufon cikin na'urar ya fi duk wani murɗe-murɗe tasiri. Sannan in yanke ƙasa daga wajen 90 ko 100, in yanke sama a wajen 6,000 ko 7,000, in kiɗan mai tsabta ne in ɗan sassauta masa. Gurnani kuwa, duk inda na ji ya yi mini daɗi, sai in rage kaɗan daga nan, don yawansa yana cinye bakin tsirkiya, a cikin taro sai ya zama kunu. Amsa-kuwwa ma haka, ɗakin taro yana da tasa, ba sai ka zo da guzuri ba. Daga ƙarshe in kunna rikodin ɗin atisayenmu in kaɗa a kai. Sautin da ya dace da taro, in ka ji shi shi kaɗai, sau da yawa siriri ne har ka raina shi. Ka bar shi haka.

Shi ya sa nake jin haushin masu sayen shiryayyen sauti a intanet da dala. Wani a Amurka ya gyara da jitarsa, da yatsunsa, da sifikarsa, a ɗakinsa mai sanyi, kai kuma ka saya ka zuba a taka kana jiran mu'ujiza. Kamar ka sayi rigar da aka ɗinka da awon wani ne. Sauti uku nake da su kacal, mai tsabta, mai ɗan kaushi, da na lokacin da aka ba ni fili, kuma na daidaita ƙararsu don kada injiniya ya riƙa tsalle duk sanda na taka maɓalli.

Wani abu da Turawan da ke koyarwa a YouTube ba za su gaya maka ba, don ba matsalarsu ba ce, shi ne wuta. Mu a nan 230 muke amfani da ita, Amurka 120, don haka duk kayan tokumbo ka karanta jikin abin cajinsa kafin ka soka. Yawancin bukukuwa da janareta ake yi, kuma ba kowane ɗaki ne aka ja masa wayar ƙasa ba. Wani ƙugi da za ka ji yana fita ba tsayawa, sau da yawa daga nan ne, ba daga na'urarka ba. Ka jona makwaikwayiya da sifikarka a soket ɗaya, in akwai maɓallin da aka rubuta Ground Lift a wajen fitar sauti ka gwada shi. Amma don Allah kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi kamar yadda na ga wasu suna yi. Tsirkiyar ƙarfe ce a hannunka, makirufo a bakinka, rai ɗaya gare ka. Ni har 'yar sitabilaiza nake ɗauka a jaka, ana mini dariya, ina ɗauka.

Ban ce na'ura mai tsada ba ta fi mai araha ba. Ta fi, na taɓa Helix ta wani, na ji bambanci a ƙarƙashin yatsa. Amma da a ce yau aka ba ni kuɗin babbar na'ura, aka ce da sifikar caji zan jona ta, gara a bar ni da 'yar tawa da sifikar kirki. Har yau ita ce dai wadda ta kunyata ni a 2023, ban canza ba, kuma ina nan a ƙungiyar. Oga bai taɓa yabona ba, shi ba ya yabo, amma ya daina waiwayowa.

Shi kuwa yaron, na ce ya kawo kayansa bayan la'asar. Muka shiga bayan shago, na karɓi na'urar na duba, kwaikwayon akwatin a kashe yake, wataƙila tun daga hannun wanda ya sayar masa. Na kunna, na yanke sama, na miƙa masa jitar. Ya kaɗa sau ɗaya ya tsaya yana kallon sifikar, ya sake kaɗawa. Ya ce, "Yaya, me ka sa mata?" Na ce ban sa mata komai ba, ka riƙe kekenka, in ka tara kuɗi mu je Alaba tare, da rana. Baba da ke bakin ƙofa yana jan carbi ya leƙo ya ce, "Ku dai rage mana, ana ciniki."